Juyau Mai Haɗa Gam

Babanmu bai iya shiga ɗakin mutane ya zauna kamar kowa ba. Zai yi sallama, a gaisa, a nuna masa kujera, sai a ga idonsa yana yawo a ƙasa yana neman kusurwa. Kafin a kawo ruwa ya riga ya tsuguna, ya ɗaga gefen kafet ɗin mutane, ya juya shi, ya kankari bayansa da farcen babban yatsa, wani lokacin har ya sunsuna. Ya yi haka a gidan maƙwabta, ya yi a ɗakin jiran likita, ya yi a ofishin shugaban makarantarmu ranar da aka kira shi don na yi dambe. Ni mai laifi ina tsaye, shi da aka kira ya ba da haƙuri yana durƙushe yana gaya wa shugaban makaranta cewa an cuce shi a wannan kafet. Daga irin wannan hali ne unguwa ta laƙaba masa Juyau, sunan ya bi shi har ya danne na yanka. Mama takan ce ko gidan shugaban ƙasa aka kai shi sai ya kunyata mu.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a masaƙar kafet da ke bayan tashar jirgin ƙasa, amma bai taɓa sa hannu a fuskar kafet ba. Masu zane da masu rini su ake kai wa baƙi su gani. Shi yana can ƙuryar zauren, inda warin ruwan roba ke sa baƙo hawaye, tsaye gaban wani tanki da ya fi shi tsayi, yana haɗa gam. Kayansa ko an wanke su sau uku warin bai fita, don haka Mama ta ware musu igiyar shanya tasu daban.

Kullum akwai ɗan yankin kafet a aljihunsa, kamar faɗin tafin hannu, kuma duk mu shidan sai da muka sha karatunsa. Zai ɗaye shi a gabanka ya nuna maka hawa-hawa. Ga ƙyallen farko, siriri kamar buhun shinkafa, wanda ɗaruruwan allurai ke soke zare a cikinsa. Zaren nan ba ƙulla shi ake yi ba, soke shi kawai ake yi a wuce, ko jariri ya ja guda sai layin gaba ɗaya ya biyo shi. Abin da ke riƙe shi shi ne gam ɗin da ake shafawa a baya, ya shiga gindin kowane zare ya kama. A kan gam ɗin sai a manna algarara, ita ke hana kafet miƙewa ko tattarewa in an taka. Daga nan sai ya bi ta cikin tanderu, wani dogon akwatin ƙarfe mai zafi, minti goma sha biyu, har gam ɗin ya gasu. Yakan ce mutane fuska suke saya, amma baya suke takawa shekara da shekaru ba su sani ba. Mu kuma mukan ce to Baba mun ji, a bar mu mu ci abinci.

Ni ce ta huɗu, kuma ni ya fi ja a jiki. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Ni kaɗai ce nake tsayawa har ƙarshen karatun, ba don ina so ba, don dai ba na iya ganin fuskarsa in kowa ya watse ya bar shi da ɗan yankinsa a hannu.

Ina da shekara goma sha tara aka sayar da masaƙar. Sababbin masu ita suka turo wani manaja da ma'aikata suka sa wa Mai Agogo, saboda ba ya rabuwa da agogon auna gudu a wuya, har bayan gida sai ya auna wa mutum. A cikin gam dama akan zuba garin alli kaɗan don ya yi jiki, buhu biyu a tanki, haka Baba ya gada daga wanda ya koya masa. Mai Agogo ya ce a mai da shi buhu biyar, a rage roba. Da yake gam mai alli da yawa ba ya da ruwa sosai, yana saurin bushewa, sai ya sa aka ƙara gudun inji, kafet ya koma fita daga tanderu cikin minti bakwai.

Baba ya yi magana sau ɗaya. Ya ɗauki ɗan yankinsa ya tafi ofis, ya fara karatun nan da muka haddace. Mai Agogo bai bari ya kai ga algarara ba, ya nuna masa taga, ya ce ya leƙa bakin ƙofa ya ƙirga masu neman aiki. Baba ya dawo wajen tankinsa ya farke buhu biyar ya zuba. Na daɗe ina jin haushinsa a kan haka, a lokacin ina ganin da ni ce da na jefar musu da aikinsu. Yanzu da nake da nawa bakunan da nake ciyarwa na ja bakina na yi shiru. Amma tun daga wannan rana ya daina kawo mana labarin masaƙa. Yakan dawo da farin gari a gira da gashin hanci, ya daɗe a bakin famfo yana wanke hannu, ya ci abinci ba surutu.

Shekara biyu bayan haka aka sa ranar aurena. Wata safiya ya kira ni da Mama ɗaki ya tura ƙofa, fuskarsa kamar yaron da ya ɓoye alewa. Ya ce jiya da aka zo kan wani kafet shuɗi mai duhu, ya faki idon Mai Agogo ya haɗa tanki guda irin na da, buhu biyu ba ƙari, roba har da gyara. Sauran buhu ukun ya tura su bayan tanki ya rufe da leda. Bai gaya wa kowa ba, ko amininsa mai kula da tanderu, wanda suke kira Kurma don ƙarar inji ta cinye masa kunne, saboda kada asiri ya tonu a kori bawan Allah a kan abin da bai shafe shi ba. Da naɗin ya fito ya ja masa layi uku da jan fenti a tsakiyar baya, ya je wajen mai sito ya ce wannan yake so a rabon kafet da ake yi wa ma'aikata.

"Uwata," ya ce, "ba ni da gida ko mota da zan ba ki. Amma wannan, jikokinki za su yi rarrafe a kai."

Shi da kansa ya shimfiɗa shi a falona, a hawa na biyu na wani gidan haya a ɗaya gefen gari. Ya yini a durƙushe yana ja yana yankewa, bai bar maigidana ya taɓa ko wuƙar ba. Da ya gama ya cire takalmi ya yi ta zagaye a kai. Rabon da in ga haƙoransa a waje haka tun kafin zuwan Mai Agogo.

Ba a yi shekara uku ba kafet ɗin masaƙar suka fara tona wa kansu asiri a gari. Mace za ta ɗaga gefe don shara ta tarar da farin gari kwance a ƙasa kamar an zubar da fulawa. Bayan ya bushe ya farfashe, algarara ta rabu da ƙyalle, zare ya riƙa fita layi-layi yana naɗe wa yara a yatsun ƙafa. Mutanen unguwarmu ba su san Mai Agogo ba, ba su san masu kamfani ba. Juyau suka sani, mutumin da ya shekara ashirin yana shiga ɗakunansu yana kushe kafet ɗin wasu wurare, yana cewa su sayi na masaƙarsu in suna son abin da zai binne su. Da yawa kuwa a kan maganarsa suka saya.

Sai aka fara yi masa gori. Mai shagon bakin layi yakan ce masa, Juyau, ka zo ka kwashe allinku za mu kai makaranta. Wata tsohuwa ta aiko masa da garin a ƙulle a leda, ba saƙo ba komai. Wanzaminsa na shekara da shekaru ya tambaye shi, da aska a wuyansa, ko da saninsa aka yi. Baba bai taɓa cewa ba shi ba ne. Abin da ya yi ya fi ba ni takaici: ya samo gwangwanin gam da buroshi, duk ranar hutu ya bi gida-gida yana roƙon a bar shi ya gyara. Shi ya fi kowa sanin ba ya gyaruwa. In baya ya mutu, ko ka shafa gam garin kawai yake kamawa, bayan sati biyu ya sake ɗagowa. Wasu suka bar shi don tausayi, wasu suka ce a gaya masa ba sa nan alhali yana jin muryarsu.

Masaƙar ta rufe a shekararsa ta talatin da ɗaya. Mai Agogo ya shiga motarsa ya koma inda ya fito, na ji an ce wani kamfanin ya samu. Baba ya dawo gida da rigar aikinsa a leda. Abu ɗaya ya rage masa a duniya da yake ɗaga kai a kansa, kuma duk wanda ya zauna da shi minti biyar sai ya ji shi: a je ɗakin 'yarsa a ga yadda ake kafet. Yakan ce wannan shi ne aikin hannunsa, sauran duk aikin agogo ne.

Abin da bai sani ba shi ne nawa ya riga na kowa lalacewa.

Tun cikin shekara ta biyu da shimfiɗa shi na lura da wani tudu a gaban ƙofar kicin, dogo kamar an kwantar da igiya a ƙarƙashi. In na taka ya kwanta, in na ɗaga ƙafa ya tashi a wani wurin. Daga baya fuskar ta riƙa zamewa a kan bayan, kana tafiya kana jin kamar ƙasa na motsi. Babbar 'yata tana rarrafe ta kama zare guda ta ja, layi ya buɗe tun daga kujera har bango. Na zauna a wurin na yi kuka kamar an yi mini mutuwa, maigidana yana tsaye yana mamakin mace mai kuka a kan shimfiɗa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ban taɓa ganin farin garin nan ba ko sau ɗaya. Amma ban tsaya dogon tunani ba, na yanke cewa mai sito ne ya musanya naɗin ya ba mu na banza. Shekara goma ina tsine wa mutumin nan a zuciyata, ko a hanya na gan shi sai in kau da kai.

Na shiga ɓoyo. Na sa kafinta ya bi gefuna da siririn katako ya buge da ƙusa, na ce don kada yara su yi tuntuɓe. Kowace kusurwa na ɗora mata abu mai nauyi: kabad a nan, firji a can, keken ɗinkina a ta uku, doguwar kujera a ta huɗu. Layin da ya buɗe na ɗinke shi da shuɗin zare na ɗora tebur a kai. In Baba zai zo, ni da maigidana mukan ja tudun mu tura shi ƙarƙashin kujera, ni kuma in tare shi tun daga ƙofa da surutu, in zaunar da shi kusa, in cika masa hannu da kofin shayi da jika. Maigidana ya sha cewa mu nannaɗe abin nan mu huta, falonmu ya zama kamar shagon gwanjo, kujera ba ta inda ya kamata kujera ta zauna. Na ce masa ranar da ya taɓa shi ya nemi wata matar. Da wasa na faɗa, amma bai sake tayar da maganar ba.

Abin da ya taimake ni, idon Baba ya fara mutuwa. Likita ya ce shekaru ne da kuma abin da ya daɗe yana shaƙa. Kunya nake ji in faɗa, amma har da ɗan sauƙi na ji a raina. Yakan zauna a bakin kujera ya shafa fuskar kafet ɗin da tafin hannu, ya ce, kin gani ko, ko gezau. Ni kuma in ce ko gezau, Baba.

Da Mama ta rasu, 'yan'uwana suka taru aka yi shawarar inda zai zauna. Yayanmu ya ce ya koma wajensa, Baba ya ce a'a, wajen Uwata zai tafi. Na san dalili. Baƙon awa biyu ana iya tsare shi a kujera ɗaya. Wanda zai kwana ya tashi a gida ba ya tsaruwa.

Kwana huɗu kawai asirina ya yi. Rana ta biyar da hantsi, yara sun tafi makaranta, ina kicin ina wanke-wanke, na ji shiru ya yi yawa. Na leƙo na gan shi tsaye a tsakiyar falo ba takalmi. Yana tura ƙafar dama gaba a hankali yana dawo da ita, fuskar kafet ɗin tana binsa tana dawowa. Ya yi haka ya fi sau goma. Sannan ya juya inda yake jin motsina ya ce in kawo masa wuƙa.

Na ce Baba shayinka zai huce. Ya sake cewa in kawo wuƙa, da muryar da bai taɓa yi mini magana da ita ba. Na kawo. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara, ya laluba ya tsaga tsakiyar falon kamar tsawon hannu. Bai ko sha wahalar ɗayewa ba, algarara ta rabu da ƙyallen da kanta. Ya sa farce ya kankara, ya murza yatsunsa, ya kai hanci. Gam ɗin ya biyo hannunsa salala, sumul kamar fatar da ta saɓule, ko zare ɗaya na algarara bai kama ba.

Bakina ya riga hankalina. Na ce mai sito ne, Baba, tun farko na gane, musanya mana ya yi, wannan ba naka ba ne. Ya ce in faɗaɗa tsagar in duba tsakiya, in gaya masa ko akwai jan layi uku. Na ja, na duba. Suna nan, ja wur, kamar jiya aka shafa su. Na dubi idanunsa da suka yi fari, na san ba zai iya gani ba.

"Babu komai, Baba," na ce. "Ba layi ko ɗaya."

Ya ci gaba da murza abin a tsakanin yatsunsa.

"Kin yi ƙarya, Uwata, Allah ya yi miki albarka," ya ce. "Ba alli a farcena. A shekarar nan kaf tanki ɗaya ne aka haɗa da roba haka, kuma ni na haɗa shi."

Sannan ya yi mini karatunsa na ƙarshe, a hankali, kamar da kansa yake magana. Gam irin na da ruwa gare shi, minti goma sha biyu yake so a wuta. Shi ya haɗa gam na minti goma sha biyu ya tura shi cikin tanderun minti bakwai. Sama ya bushe, ciki bai kama ba, kamar burodin da aka cire da wuri. Hankalinsa duk yana kan buhunan da ya ɓoye da kuma ƙofar ofis, bai tuna da gudun inji ba. Kalma ɗaya ce da zai faɗa wa Kurma a kunne, ya murɗa abu kaɗan, shi ke nan. Da ma ya bar shi da allinsu, in ji shi, da ya fi haka daɗewa.

Na ce ai ya yi shekara goma sha biyu, ai ya yi ƙoƙari. Ya tambaye ni tun yaushe ya fara tashi. Ya ja jiki zuwa bango ya laluba katakon da ke gefe, ya bi kan ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya taɓa ƙafar keken ɗinkin da ke danne da kusurwa. Ya gane komai ba sai na faɗa ba.

"Duk shekarun nan ke kike riƙe da shi," ya ce. "Ni kuma ina yawo ina cika wa mutane baki."

Da yamma maigidana ya dawo, Baba ya roƙe shi ya cire kafet ɗin. Suka ɓamɓare katakon, aka nannaɗe, aka sauke shi ƙasa wajen bola. Kafin gari ya waye wani ya ɗauke, na tausaya wa ko wane ne. Maigidana ya ce zai sayo wani, Baba ya ce in don shi ne a bari. Muka zauna a kan siminti tsirara, kujeru suka koma inda ya kamata su zauna, falon ya yi faɗi ya yi sanyi, ni kuwa ban taɓa tsanar ɗaki kamar yadda na tsane shi ba.

Wata goma sha huɗu ya ƙara a duniya. Bai yi ciwon kirki ba, ci ne ya ragu, magana ta ragu. Kurma ya zo duba shi sau biyu, suka zauna suna kallon bango, Baba bai gaya masa maganar tankin ba. Ɗan yankin da ke aljihunsa na tsince shi a kwandon shara, na ɗauka na ɓoye, har yau ban san me zan yi da shi ba. Na sha tambayar kaina ko da na gaya masa tun shekara ta biyu, lokacin yana da ƙarfi da ido da Mama a gefensa, da ya iya ɗauka. Na tsare shi har sai da ba abin da ya rage masa, sannan na bari ya sani. Wannan ba mai sito ba ne ya yi, ni ce.

Sati uku kafin rasuwarsa na kai shi asibiti. A ɗakin jira akwai wani tsohon kafet, kusurwarsa ta riga ta naɗe ta ɗago da kanta, bayan a fili, ko tsugunawa ba sai an yi ba. Ina riƙe da hannunsa ƙafarsa ta ci karo da ita. Ya tsaya. Na ji yatsunsa sun motsa a cikin nawa, har na fara sassauta riƙon don ya durƙusa. Sai ya sa tafin ƙafa ya kwantar da kusurwar, ya danne ta, ya ce in nuna masa inda zai zauna.